Hasumiyoyin dutse na Svaneti: me ya sa suke lalacewa yanzu, kuma me zai hana a zuba musu siminti?

"Assalamu alaikum Injiniya. Na ga hotunan wasu ƙauyuka a ƙasar Jojiya, can cikin duwatsun Kokasus, inda kusan kowane gida yake da doguwar hasumiyar dutse, an ce wasu sun kusa shekara dubu. Sai kuma na ji ana ta kiran a cece su kafin su rushe. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ginin da ya jure duk waɗannan shekaru ba tare da kowa ya taimake shi ba, me ya same shi yanzu? Kuma me zai hana gwamnati ta zuba musu siminti da rodi ta huta, waɗanda suka faɗi kuma a sake gina su sababbi fil?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka yi: me ke kashe hasumiyoyin, sannan me ya sa maganin da kowa zai fara tunani, wato siminti da sake gini, masu sana'ar gyaran tsofaffin gine-gine ba sa son sa. Kafin mu shiga, akwai wuri guda a cikin maganarka da nake so mu gyara, domin amsar duka a kansa ta rataya. Ka ce ginin ya jure ba tare da kowa ya taimake shi ba. A'a, ana taimakonsa kowace shekara. Idan dusar ƙanƙara ta narke, mai gida zai hau sama ya duba rufi, ya mayar da dutsen da ya zame, ya cike inda kwaɓi ya zube, ya canja katakon da ya ruɓe. Ɗansa zai yi haka, jikansa ma haka. Wannan ƙaramin aikin da ba wanda ya rubuta shi a tarihi shi ne ya riƙe su, kuma yankewarsa ce babbar cutar da ke damun su yau.

Wurin da abin yake

Yankin da ka gani shi ne Svaneti, a arewa maso yammacin Jojiya. Svaneti ta Sama tana bin kwarin kogin Enguri, babban garinta kuma Mestia. Daga Mestia idan ka yi tafiyar kusan kilomita 45 za ka iso Ushguli, ƙauyuka huɗu da ke kusa da juna: Murkmeli, Chazhashi, Chvibiani da Zhibiani. Tsayin wurin ya kai kusan mita 2,100 daga bakin teku, ga dutsen Shkhara mai sama da mita 5,000 a kansu. A 1996 hukumar UNESCO ta sa Svaneti ta Sama cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma ainihin filin da aka shata ƙauyen Chazhashi ne, wanda bai wuce kusan hekta ɗaya ba. Ka riƙe wannan, domin yawancin hasumiyoyin yankin suna wajen wannan shingen.

Galibin masana suna danganta gina su da ƙarni na 9 zuwa na 12. Tsawonsu yakan kai mita 20 zuwa 25, hawa huɗu ko biyar, gindin da faɗi, yana tsukewa kaɗan kaɗan har sama. Ƙofar takan kasance sama da ƙasa, sai da tsani, kuma tsakanin hawa da hawa ma tsani ne wanda za a iya janyewa. A can ƙoli bangon ya ɗan fito waje da ƙananan bakuna masu kallon ƙasa, ta nan ake ganin wanda ya zo gindi, a jefe shi idan ta kama. Sai rufi na fallayen dutse. A jikin hasumiyar akwai gidan zama da suke kira machubi: ɗaki ɗaya babba, murhu a tsakiya, shanu da tumaki a kewaye bayan shingen katako mai sassaƙa, ingiricin dabbobi a sama. Iyali suna shiga hasumiya idan mahara sun zo, ko idan gabar jini ta tashi tsakanin dangi da dangi, ko kuma idan dusar ƙanƙara ta zaftaro daga kan dutse.

Ruwa ne ke fara aikin

A duk tsohon ginin dutse da na taɓa dubawa, tambayata ta farko ita ce ta ina ruwa yake shiga, ta ina kuma yake fita. A Svaneti wannan tambayar ta fi nauyi saboda sanyi. Bangon hasumiya fuska biyu ne na jerarren dutse, ciki da waje, tsakaninsu an cika da tsakuwa da guntayen duwatsu da kwaɓin farar ƙasa, irin wadda ake samu ta hanyar ƙona dutse. Muddin rufi yana nan lafiya, wannan cikin a bushe yake. Da zarar falle ɗaya ya zame, ruwa zai riƙa bi ta kan bangon yana gangarawa cikinsa. Da dare ya daskare. Ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya ture dutsen da ke gefensa da ɗan abin da ido ba ya gani. Da rana ya narke, ya ƙara nutsawa cikin gurbin da ya buɗe, da dare ya sake daskarewa. A farkon sanyi da ƙarshensa hakan yana faruwa kusan kullum. Bayan wasu shekaru fuskar waje ta rabu da cikin bangon, ta yi tumbi, wata rana ta zube gaba ɗaya ta bar hasumiyar da ɓari ɗaya tsirara.

Ruwan nan kuma yana sauka kan katakon da ke raba hawa da hawa. Mutane suna ɗaukar wannan katakon a matsayin daɓen da ake takawa kawai, alhali gungumen da aka cusa cikin bango su ne suke ɗaure bango huɗun su zama abu ɗaya. Idan suka ruɓe, kowane bango ya zama shi kaɗai yake tsaye, dogo, ba mai riƙe shi. Yankin kuwa na girgizar ƙasa ne. A watan Afrilun 1991 an yi mai ƙarfin maki 7 a Racha, maƙwabciyar Svaneti, ta lalata ƙauyuka da tsofaffin majami'u da dama. Hasumiyar da katakonta yake da rai tana iya yin rawa ta koma daidai. Wadda nata ya ruɓe, kusurwoyinta ne suke fara buɗewa.

A gindi ma akwai matsala. Idan ka tsaya a lungunan Ushguli lokacin narkewar dusa, za ka ga laka da kashin shanu sun taru a jikin bangon har sun rufe layin duwatsun farko, ruwa yana kwance ba inda zai bi. Danshi yana hawa ta nan ɗauke da gishirin da ke cikin taki, gishirin ya bushe a cikin kwaɓin, ya mayar da shi gari. Ka sa ɗan makulli ka karce tsakanin duwatsu biyu a irin wannan wuri, za ka ga yana zubowa a tafin hannunka. Da masu gida suna nan, da an kwashe lakar an buɗe wa ruwa hanya, aikin yini ɗaya.

Ina masu gidan suka tafi?

A farkon 1987 aka yi dusar ƙanƙarar da ba a saba ganin irinta ba, ta yi ta zaftarowa kan ƙauyukan Svaneti, mutane da dama suka rasu, gidaje suka rushe. Abin lura, hasumiyoyi da yawa sun tsaya daram a inda gidajen zamani suka tafi, domin siririn jikinsu da kaurin gindinsu suna sa dusar ta rabe ta wuce. Amma bayan wannan masifa gwamnatin Tarayyar Sobiyet, wadda Jojiya take cikinta a lokacin, ta kwashe dubban mutane zuwa filayen kudancin Jojiya. Ba a jima ba Tarayyar ta wargaje, Jojiya ta shiga yaƙi da talauci, wasu ƙarin iyalai suka bi hanya. Hasumiyar da dusa ta kasa kayarwa sai ga shi an bar ta ba mai hawa duba rufinta.

Ga kuma maganar gado. Yawancin hasumiyoyin nan mallakar iyalai ne, ba na gwamnati ba. Ɗaya tana iya zama ta magada da yawa, wani a Tbilisi babban birnin ƙasar, wani a birnin Kutaisi, wani a ƙasar waje. Kowa yana alfahari da ita, amma ba wanda zai cire kuɗinsa shi kaɗai ya gyara abin da yake na kowa da kowa. Na ga irin wannan a ayyukan da na yi: takardun neman amincewar magada su ɗauki lokacin da ya fi na gyaran kansa, ruwa kuwa yana ta shiga.

A ɗaya gefen duwatsun, a Ingushetiya da Checheniya da ke cikin Rasha, akwai irin waɗannan hasumiyoyi, kuma labarinsu ya fi muni. A watan Fabrairun 1944 aka kwashe al'ummomin biyu kaf zuwa tsakiyar Asiya, ƙauyukan kan dutse suka zama kufai, da yawa ba a sake zama a cikinsu ba.

Yanzu kuma Svaneti ta shiga wani sabon yanayi. An buɗe filin jirgin sama a Mestia a 2010, an gyara hanya, an yi wuraren wasan zamiya a kan dusa, masu yawon buɗe ido suka yi ta kwararowa. Wannan ya dawo da mutane da kuɗi, abin farin ciki ne, kuma ni ba na cikin masu ganin laifin mutumin da ya sha wahalar sanyi shekara da shekaru don ya gina masaukin baƙi ya ciyar da iyalinsa. Amma dole a faɗi abin da ke faruwa. Ana jingina ginin bulo da hasumiya, ana fasa bango a faɗaɗa taga, ana kwasar duwatsun kufai a yi katanga, ana rufa sabon gida da kwano ta yadda duk dusar da ta zamo daga kansa a gindin tsohon bango take taruwa. Hasumiyar ba ta faɗi ba, amma ƙauyen da ya ba ta ma'ana yana canja kama.

Maganar siminti

Ka san abin da ke faruwa idan aka yi wa ginin ƙasa filastar siminti a garuruwanmu. Shekarar farko ya yi kyau. Bayan damina biyu ko uku sai ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo, ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasar da ke ciki ta jiƙe, filastar ta ɓalle da ƙaton ɓangare na bangon. To abin da siminti yake yi wa tsohon ginin dutse ke nan, sai dai a can sanyi yana ninka ɓarnar.

Kwaɓin da magabatansu suka yi amfani da shi farar ƙasa ce da aka ƙona daga dutse, aka jiƙa, aka haɗa da yashi. Tana da laushi fiye da dutsen, tana shan danshi ta kuma sake shi idan iska ta kaɗa. Idan gini ya ɗan motsa, ita ce take tsagewa, dutsen ya tsira, kuma sake cike ta abu ne mai sauƙi. An yi ta ne don ta lalace a madadin dutse. Siminti kuwa ya fi farar ƙasa tauri nesa ba kusa ba, ba ya barin danshi ya fita da sauƙi, kuma yana zuwa da nasa gishirin. A wani tsohon ginin dutse da aka kira ni in duba, wasu sun riga sun cike tsakanin duwatsun da siminti shekaru kafin nan. Simintin yana nan garau, ya fito zara-zara kamar an zana shi, amma gefen kowane dutse ya ci ya koma ciki. Da muka sa kurfi za mu cire, sai yake tahowa da fatar dutsen a manne. A bayansa tsohon kwaɓin jiƙe yake sharkaf, ana tsakiyar rani. Wannan ita ce babbar illar: gyaran da aka yi da farar ƙasa, wanda zai zo bayanka zai iya warware shi idan ka yi kuskure, na siminti kuwa ba ya warwaruwa sai da asara.

Rodi ma haka. Ƙarfe a cikin bango mai danshi yana tsatsa, tsatsa tana kumbura, ta fasa abin da aka sa ta riƙe. Sannan idan ka zuba kankare mai nauyi a kan hasumiya, ka ɗora mata kaya a inda girgizar ƙasa ta fi kaɗawa, ka kuma sa wani sashe ya sandare alhali sauran jikin yana motsi. Inda sandararre da mai motsi suka haɗu, nan ake samun karaya.

Kada ka ɗauka ina ƙin duk wani abu na zamani. Idan kusurwa ta buɗe, siririn ƙarfen da ba ya tsatsa ana iya ratsa shi a ɗaure bango da bango, kuma gara haka da a zuba ido. Katangar kare ƙauye daga zaftarewar dusa ko ƙasa, a yi ta da kankare, can nesa da tsohon gini. Har kwano ma, wanda masu son hoto suke ƙyama, ina goyon bayan a rufa shi na wucin gadi a kan hasumiyar da rufinta ya tafi, kafin a samu kuɗin fallayen dutse. Muninsa na ɗan lokaci ne, ruwan da zai hana shiga kuwa ɓarnarsa ta dindindin ce.

Dalilin da ya sa ’yan kwangila suke gudun farar ƙasa a bayyane yake. Ba ta bushewa da wuri, tana ɗaukar makonni tana ƙarfi a hankali, kuma idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 aikin ba ya kamawa. A tsayin mita 2,000 wannan yana nufin watannin aiki kaɗan ne a shekara. Wanda aka ba wa kwangila aka ce ya gama kafin ƙarshen shekarar kasafi, siminti zai ɗauko. Don haka sau da yawa gyaran tsarin biyan kuɗi ya fi gyaran hannun magini muhimmanci.

Sake gina waɗanda suka faɗi

A nan ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ta samo asali daga yarjejeniyar Venis ta 1964 kan kula da tsofaffin gine-gine: gyara ya tsaya a inda zato ya fara. Idan duwatsun da suka zube suna nan a gindi, akwai tsofaffin hotuna da awo, ana iya mayar da su mazauninsu. Idan kuwa rabin hasumiyar ta tafi tun zamanin kakanni, ba wanda ya san yadda ƙolinta yake, duk abin da ka ɗora ra'ayinka ne, kuma baƙon da zai zo gobe zai ɗauka tarihi yake kallo.

Jojiya ta ɗanɗana wannan da kanta. Babbar majami'ar Bagrati da ke Kutaisi, wadda aka gina a farkon ƙarni na 11, ta zama kango tun ƙarshen ƙarni na 17. An sa ta a jerin UNESCO a 1994 tare da gidan ibadar Gelati. Daga baya gwamnati ta ɗauki aikin sake gina ta gaba ɗaya, duk da gargaɗin masana. A 2010 aka sa wurin cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, aka gama ginin a 2012, a 2017 kuma aka cire Bagrati daga jerin, aka bar Gelati ita kaɗai. Masu ibada sun samu majami'a mai rufi, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, amma an biya da wani abu da ba ya dawowa.

A ƙasar dai akwai misalin da ya fi kwanta min a rai. Mutso wani ƙauye ne mai hasumiyoyi a yankin Khevsureti, a kan tsauni, an daɗe da barinsa. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta fara aikin ceto shi a 2014, aka yi amfani da irin dutsen wurin da irin salon jerin da aka gada, aka koya wa mutanen yankin aikin suka yi da hannunsu. A 2019 aikin ya samu lambar yabo ta Europa Nostra, wadda ake bayarwa a Turai kan kula da kayan tarihi. Abin da ya fi lambar daraja a wurina shi ne an bar magina a yankin waɗanda za su iya komawa su gyara idan wani abu ya motsa. Wanda ya san Sukur a duwatsun Mandara na jihar Adamawa, wadda ta shiga jerin UNESCO a 1999, zai gane wannan: katangun dutsenta da hanyoyinta na daɓen dutse aikin gayya ne ya riƙe su.

Da ni aka ba wa aikin

Zan fara da auna kowace hasumiya da ɗaukar hotonta ta kowane gefe, yanzu ƙananan jiragen ɗaukar hoto sun sauƙaƙa wannan ƙwarai. Daga nan rufi, kafin komai. Sai a kwashe abin da ya taru a gindi a yi wa ruwa magudana. Sai katakon ciki. Cike tsakanin duwatsu shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne wanda ido ya fi gani, shi ya sa ake yawan farawa da shi. Duk tsagar da aka gani a manna mata ma'auni a riƙa dubawa lokaci lokaci, domin tsagar da ta tsaya cak shekara ɗari daban take da wadda ke ƙaruwa duk sanyi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Kuɗin kuma, maimakon a tara shi a yi gagarumin biki a kan hasumiya guda, a riƙa ba masu gida kaɗan kaɗan kowace shekara da sharaɗin an duba rufi, an yi aiki da farar ƙasa, ba a fasa bango ba. A buɗe inda za a riƙa fasa fallayen dutse da ƙona farar ƙasa a kusa, don kada siminti ya zama shi kaɗai ne ake samu a kasuwa.

Kada a manta da ƙananan majami'un yankin, domin sun fi hasumiyoyin rauni. A cikinsu akwai zanen bango na wani mai zane Tevdore, wanda ya yi aiki a majami'ar Iprari a 1096, ta Lagurka a 1112, ta Nakipari a 1130. Dutse yana jure danshi shekaru, fenti a kan yaɓe kuwa ɗigon ruwa na damina ɗaya ya isa ya ɓamɓare shi. Littattafai da hotunan ibada ana iya kai su gidan tarihi, kamar yadda Linjilar ƙauyen Adishi da aka rubuta da hannu a 897 take a Mestia, amma bango ba ya ɗaukuwa. Kuma har yau mutanen ƙauyukan suna ibada a ciki, su ne masu riƙe makulli, ba a shiga aiki sai da su.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Ba zan iya yanke wa wata hasumiya hukunci daga hoto ba. Sai na taɓa bangon, na ƙwanƙwasa, na hau na ga katakon. Hannuna kuma a wurare masu ɗumi ya fi sabawa, don haka a kan lokacin da ya dace a fara kwaɓi da lokacin da za a tsaya kafin sanyi, maganar tsohon maginin Ushguli ita zan bi, ba tawa ba. Akwai kuma abin da gyara ba ya hanawa: idan gefen dutse ya zaftaro gaba ɗaya, ko girgiza mai ƙarfi ta zo, wasu za su tafi ko da an yi musu komai daidai.

Kuɗi ma ba zai isa duka ba, dole a zaɓa, kuma zaɓin yana da ɗaci. Idan aka ajiye min biyu, ɗaya shahararriya a bakin hanya wadda ta riga ta zube rabi, ɗaya kuma a lungu wadda bangonta lafiya lau amma rufinta ya fara yoyo, ta biyun zan fara. Da kuɗin sake gina ta farkon za a iya rufa irin ta biyun da yawa kafin dusa ta sauka, ita kuma ta farkon a tokare ta, a rufe kan bangonta da ya rage don ruwa ya daina shiga, ta jira.